ASKA DA TAKARDA: MATSAYIN WANZAMAI DA MAKITSA A GABAN DOKA

Jawabin da kwamitin sana'o'i ya karanta a taron ƙungiya na bayan kaka



Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke can gefe suna saurare, ƴan'uwa da suka taso daga Damagaram da Agadas da Arlit da Yamai da Kano, da kuma waɗanda ba su samu zuwa ba sai dai wannan takarda ta iske su inda suke, muna gaishe ku baki ɗaya, muna yi muku barka da kaka. Allah ya sa albarka cikin abin da aka samu. Wanda gonarsa ba ta yi ba, Allah ya musanya masa da alheri.

Shugaban ƙungiya ya ɗora mana magana a kan aski da kitso. Mun san akwai masu cewa a zuci: duk damuwar Damargu, ga rijiya, ga hanya, ga tsadar hatsi, a rasa abin zama a kai sai gashin kai? To ga dalili. Cikin takardun neman rance da suka shigo asusun ƙungiya bana, da dama na samari ne masu son sayen injin aski da madubi da farantin hasken rana su buɗe rumfa. Kafin mu gama duba su, sai ga iyayenmu wanzamai sun aiko da kuka, cewa yara sun cika gari da inji, ba wanda ya koya musu, ba wanda suka nemi izini gare shi. Ana cikin haka kuma labari ya zo cewa an rufe wa wani ɗanmu shago a wani gari na arewa, an ce ba shi da takarda, shi kuwa bai san wace takarda ake nufi ba. Kuɗin da ya buɗe shagon da su, akuyoyin mahaifiyarsa ne aka sayar. Saboda haka maganar ta shafi asusunmu, ta shafi girman dattawanmu, ta kuma shafi lafiyar jariranmu, kamar yadda za ku ji in an jima.

TUN KAFIN ZUWAN TAKARDA

Kada wani ya ɗauka cewa sana'ar aski ta zauna sakaka har Nasara ya zo ya yi mata doka. Iyayenmu da ke zaune nan shaidu ne. A da, mutum ba ya tashi da safe ya rataya zabira ya ce shi wanzami ne. Gado ake yi. Yaro zai fara da ɗaukar wa ubansa zabira, ya ɗebo ruwa, ya wasa aska a kan dutse, ya daɗe yana kallo kafin a ba shi kan yaro ɗan'uwansa ya gwada. Kan magidanci sai hannunsa ya faɗa. Ƙaho da kaciya kuwa sai gemu ya fara tsiro masa, su ma ɗin uban na tsaye a kansa. Wanda ba ɗan gado ba ne in yana so, sai ubansa ya kai shi da goro ya damƙa shi, ya yi shekaru yana bauta. Kuma ko ya ƙware, mutane ba su fasa kiransa ɗan koyo ko ɗan haye.

Bayan wannan, kowane wanzami yana da gidajensa. Gidan da ubanka ya yi wa aski kai za ka yi wa. In an haihu a gidan, kai za a aika wa, kai za ka yi askin suna ranar bakwai, a ba ka rabonka cikin naman rago, da kaka kuma a aiko maka da damin gero. Wanzamin da ya ƙetare ya shiga gidan wani ba da yardarsa ba ya yi laifi, kuma akwai inda ake kai ƙararsa. A fadojin ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Aska, shi ke raba gardama tsakanin wanzamai, shi baƙon wanzami ke fara gaisarwa kafin ya shimfiɗa tabarma a kasuwa, ta hannunsa kuma sarki ke isar da umurni ga masu sana'ar. In yaro ya ɓaci wajen kaciya, an san wanda za a tambaya. To mene ne wannan in ba lasisi ba? Abin da ya rasa kawai shi ne hatimi da hoto.

Mu a Damargu abin ya ɗan bambanta da na Kano ko Katsina, don mu gari ne na haɗuwa. Hausawa da Dagira da Barebari suna da wanzami, sunan ma kusan ɗaya ne a bakinsu, har Zabarmawa can yamma haka suke kiransa. Amma wajen Buzaye, maƙera ne ke riƙe da aska, matan maƙera kuma su ke yi wa matan gida kitso, su ma gado ne. Matan Bararo kuwa kun san su, da rani su shigo gari su ɗinke ƙwarya su yi kitso a ba su hatsi. Kowane ɓangare da tsarinsa, kuma an zauna lafiya a haka, daga Tanut har Balbeji.

Abin lura a nan shi ne, a wajen kakanninmu duk abin da ke cikin zabira sana'a ɗaya ce. Mai aske kai shi ke yin ƙaho, shi ke tsaga, shi ke cire belu, shi ke kaciya, shi ke fasa ƙurji, shi ke ba da sassaƙe da saiwa. Ba wanda ya taɓa tunanin a raba su. Ku riƙe wannan, don a nan ne dokar zamani ta saɓa da tamu.

Me ya kwance wannan tsari? Ba mu ga laifin mutum ɗaya ba. Yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, sun watsa gidaje, wanzami ya duba ya ga rabin gidajensa sun tafi bida, damin kaka ya daina zuwa. Ƴaƴan wanzamai suka shiga lakwal ko suka bi mota. Likita ta matso kusa, kaciya ta fara komawa can. Sa'an nan ga inji. Da sai garin da ke da lantarki, yanzu da farantin rana da batur ko a ƙauyen da mota ba ta zuwa sai ka ji yana kuka a gindin bishiya. Yaro ya ga aski a cikin salula, ya gwada a kan ƙanensa sau uku, ya zama mai aski. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 a yankin Ollelewa, kun ga yadda rumfuna suka yawaita a bakin hanya wajen Bakin Birji. Ba mu ce wannan mugun abu ba ne. Yaron da ke aski ya fi yaron da ke zaman kashe wando, ya kuma fi wanda ya faɗa sahara ba a sake jin labarinsa ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Mun nemi waɗanda suka yi karatu cikinmu su duba mana takardun gwamnati, ga abin da muka fahimta. Doka ta ɗauki zabirar wanzami ta zazzage ta, ta kasa kayan kashi uku.

Kashin farko shi ne gyaran gashi: aski, gyaran gemu, kitso, wankin kai. Wannan doka ta sa shi cikin sana'o'in hannu, jeri ɗaya da ɗinki da ƙira da jima da gini. A 2012 gwamnati ta kafa majalisar masu sana'o'in hannu ta ƙasa, wadda ake kira CMANI. A 2014 kuma ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA masu amfani da kuɗin sefa, wato Nijar da Bini da Burkina Faso da Kodibuwa da Gine Bisau da Mali da Senegal da Togo, suka amince da kundi guda na sana'o'in hannu. Kundin ya raba sana'o'i reshe 8, ɗaya daga ciki shi ne reshen tsabta da gyaran jiki, a nan ne mai aski da makitsiya suka faɗo. Ya bambanta matakai: akwai ɗan koyo, akwai ma'aikacin da ya iya amma yana ƙarƙashin wani, akwai mai sana'a mai cin gashin kansa, akwai kuma gwani wanda aka yarda ya koyar da wasu. Ya ce a rubuta sunan mai sana'a cikin littafin rajista a ba shi katin shaida.

Da aka karanta mana wannan, wani dattijo cikin kwamiti ya yi dariya ya ce ai wannan tsarin gidan ubansa ne aka juya da Faransanci. Gaskiyarsa. Kuma akwai wuri ɗaya da muke so kowa ya buɗe kunne. Kundin bai ce sai mai takardar lakwal kaɗai ne mai sana'a ba. Ya karɓi takardar makaranta, ya karɓi shaidar koyo, ya kuma karɓi ƙwarewar da ƴan sana'ar da kansu suka shaida. Ke nan shaidar wanzamai a kan ɗan'uwansu tana da gurbi a cikin doka. Ƙofa ce a buɗe, mu ne ba mu shiga ba.

Sai maganar patanti, wadda ita ce ta fi rikita mutanenmu. Da yawa suna zaton in sun biya patanti sun samu izinin sana'a. A'a. Patanti haraji ne. Mai karɓarsa ba ruwansa da ko ka iya aski ko kana sassaƙe kunnuwan mutane, shi dai an buɗe wurin neman kuɗi, a ba gwamnati nata. Haka kuɗin rumfa ko tikitin kasuwa da ma'aikatar magajin gari ke karɓa. Katin sana'a daban, rasit na haraji daban, izinin wurin zama daban. Ɗanmu da aka rufe wa shago yana da ɗaya, ba shi da sauran, kuma da ya san bambancinsu da bai yi wata guda yana zirga-zirga ba. Ban da waɗannan, tun 1993 aka yi dokar tsabtar jama'a wadda ta ba ma'aikatan tsabta ikon shiga wuraren da jama'a ke taruwa su duba. Wanda ya buɗe shago a birni ya sa ran ganinsu.

Kashi na biyu shi ne magani: ƙaho, sassaƙe, da duk abin da ake yi don warkar da ciwo. Wannan ba ya cikin katin mai aski. Dokar magunguna ta 1997 ta sa masu maganin gargajiya a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Saboda haka wanda ya riƙe katin gyaran gashi kada ya ɗauka ya samu izinin fitar da jini. In ya yi wa yaro kaciya abin ya ɓaci, katin nan ba zai tsaya masa gaban alƙali ba.

A nan muna da magana a kan belu, kuma muna roƙon iyayenmu wanzamai su yi haƙuri da mu. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma yau sai an ɗan taɓa. Mun taso mun tarar ana cire wa jariri belu tun kafin suna, ana cewa in an bar shi zai kumbura ya toshe maƙogwaro. Likitoci sun daɗe suna gaya mana cewa belu halitta ce, kowa da shi aka haife shi, kuma cire shi ba ya maganin amai ko zawo ko ƙin kama nono. Abin da suke gani a asibiti shi ne jariran da aka kawo jini ya ƙi tsayawa, ko wurin ya rube, ko haƙora sun sarƙe saboda ƙarfen da bai da tsabta. Ƙauyen da ke nesa da Tanut ko Balbeji, kafin a samu amalanke ko babur a kai jariri mai zubar jini, sau da yawa an makara. Kowa a nan ya san gidan da haka ta faru, aka ce kwana ne ya ƙare. Kwana na Allah ne, ba mu musa ba. Amma mu kwamiti ra'ayinmu shi ne a bar belu inda Allah ya ajiye shi, yaron da ba shi da lafiya a kai shi likita.

Kashi na uku shi ne wanda doka ta hana ɗungurungum. Iyayenmu mata ku gafarce mu, magana ce mai nauyi a bainar jama'a, amma rufe ta shi ke kai mutum kaso. A watan Yuni na 2003 aka gyara kundin hukunta laifuffuka na Nijar, aka haramta taɓa al'aurar ƴa mace da yanka ko cire wani abu daga gare ta. Hukuncin ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ne, da tarar jika 20 zuwa jika 200. In yarinyar ta mutu, ɗaurin shekara 10 zuwa 20. Wanda ya taimaka, hukuncinsa ɗaya da wanda ya riƙe askar, wato uwa ko kaka ko uban da ya aika aka kira wanzami bai tsira ba. Wasu na cewa ai mu ba mu yin kaciyar mata, wannan al'adar wasu ƙabilu ce can yamma da bakin tafkin Cadi. To amma kalmomin dokar suna da faɗi, kuma cire ɗan gurya ga jaririya da yankan gishiri ga mace mai naƙuda ko amaryar da ta ƙi miji, da wace aska ake yin su, a kuma wane wuri? Cikin matan da ke jiran aikin yoyon fitsari a asibitocin ƙasar Hausa akwai waɗanda yankan gishiri ne ya kai su. Kwamitin CONIPRAT ya yi shekaru yana zagaya ƙasa yana wannan gargaɗi. Wanda bai ji daga gare su ba, yau ya ji daga ƴan'uwansa.

YADDA WASU SUKA YI

Kada iyayenmu wanzamai su ga kamar su kaɗai aka yi wa wannan rabo. Turawa ma da wanzamansu. A Ingila masu aski su ne ke yin ƙaho da cire haƙori da ɗaurin rauni, har a 1540 sarkinsu Henri na Takwas ya haɗa su ƙungiya ɗaya da masu fiɗa, amma aka ce kowa ya tsaya a nasa. A 1745 aka raba su kwata-kwata, masu fiɗa suka bi hanyar likitanci, masu aski suka tsaya ga gashi. Sandan nan mai ja da fari da ke juyawa a ƙofar shagunan aski na birane, ragowar wancan zamani ne, ja jini, fari ƙyallen ɗauri. Abin mamaki, har yau a Ingila ba dole ba ne mai aski ya riƙe lasisi, rajistar da suka kafa a 1964 ta ganin dama ce. Faransa kuwa ta ɗaure abin tamau: dokar 1946 ta ce ba a buɗe shagon gyaran gashi sai akwai mai babbar takardar ƙwarewa a ciki, sai a ƴan shekarun nan suka sassauta.

Wanda ya fi ba mu abin tunani shi ne na Amurka, don ya faɗa a kan mata irin namu. A can kowace jiha da dokarta, kuma jihohi da dama sun rubuta cewa duk mai taɓa gashin wani don kuɗi sai ya yi makarantar kwalliya. Sai matan Afirka suka je da kitson da suka koya a cinyar iyayensu, aka ce musu sun karya doka. A 1997 ƴan sanda suka kama wata makitsiya mai suna Isis Brantley a birnin Dallas na jihar Texas, laifinta kitso ba lasisi. Sai 2015 jihar ta cire kitso daga wannan doka. A jihar Utah, wata ƴar Saliyo mai suna Jestina Clayton aka ce sai ta yi awa 2,000 a makaranta, makarantar da kusan ba ta koyar da kitso, sai rini da sinadarin miƙar da gashi, abubuwan da ita ba ta taɓawa. Ta kai ƙara, a 2012 alƙali ya ba ta gaskiya. Ku duba fa: waɗanda suka rubuta dokar ba su san kitso ba, ba su tambayi makitsa ba, sai ma'anar da suka ba sana'ar ta mai da gwanaye masu laifi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da za a zauna a Yamai a tsara sharuɗɗan buɗe wurin aski da kitso dalla-dalla, in ba bakin mutanen karkara a wurin, da ma'aunin manyan shagunan birni za a auna mu.

MAKITSA

Har yanzu ba mu ba iyayenmu mata haƙƙinsu cikin wannan jawabi ba. Da wata tsohuwa ta ji za a yi maganar doka da kitso, sai ta ce ita dokar da ta sani ita ce wadda ake tayarwa a tsakiyar kai ranar buki. To ita ma a bar mata tata.

Kitso bai taɓa samun sarauta da tsari irin na aski ba, sai dai kowace unguwa ta san makitsiyarta. A tsakar gida ake yi, da tsinke da mataji da man shanu, a biya da kuɗi ko da tiyar hatsi, wani lokaci ma ramuwa ce, yi mini in yi miki. Da wannan ɗan abin ne zawarawa da matan da mazansu suka tafi Libiya ko Aljeriya shekara biyu ba aike suke sayen gishiri da sabulu da littafin ƴan lakwal. Mu a ganinmu, macen da ke kitso a gidanta ba ta buɗe shago ba, kuma ƙungiya ba za ta goyi bayan duk wani yunƙuri na bin ta da tikiti har cikin ɗaki ba. In wani ya zo da wannan, a sanar da mu, mu je mu yi magana da hukuma cikin ladabi.

Amma ƴaƴanmu mata da ke Damagaram da Agadas da Yamai, waɗanda suka kama shago suka sa allo, suna ƙarin gashi, suna shafa man miƙar da gashi, su lissafinsu ɗaya da na samari masu inji. Man nan yana ƙona fatar kai in ba a san lokacin wanke shi ba, kuma kitson da aka ja da ƙarfi yana cinye gaban goshi, kun ga ƴanmata da yawa da haka. Wannan aiki yana son koyo na sosai. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati a garuruwa, akwai kuma asusun FAFPA da ke ɗaukar nauyin horo. Sun fi sauraren mutane in sun zo a ƙungiya da sunayensu a rubuce, bisa ga mutum ɗaya da ya zo shi kaɗai.

ABIN DA MUKE KAWO WA TARO

Game da rance, shawararmu ita ce kada a hana samari, kada kuma a ba su hannu sake. Duk mai son kuɗin inji ya kawo shaidar wanda ya koya masa, ko wanzami na gado ko mai shagon da ya daɗe, cewa ya zauna a hannunsa aƙalla daga kaka zuwa kaka. Mun san samari za su ce me tsoho mai aska zai koya wa mai inji? Zai koya maka gane makero da ƙurajen da ba a bi ta kansu da ƙarfe, da yadda ake riƙe kan jariri, da yadda ake taɓa gemun dattijo, da kame baki a kan abin da ka gani a gidan mutane. Inji ba ya koyar da waɗannan. Su kuma iyayenmu wanzamai, wannan ita ce amsar kukansu: ba mu da ikon hana yaro sana'a, doka ma ba ta ba mu ba, amma muna da ikon cewa kuɗin ƙungiya ba su fita sai da sa hannunsu. Sharaɗin da ke kansu shi ne kada su mai da shaidar abin sayarwa, kada kuma su hana ta don yaro ba ɗan gado ba ne.

Cikin kowane rance za a ware wani abu a riƙe, ba za a miƙa shi ba sai an ga rasit na haraji da shaidar cewa an nemi katin sana'a. Mun gwammace yaro ya fara da madubi ƙarami da takardunsa cikakku.

Sai tsabta, kuma wannan ya hau kan mai inji da mai zabira duka. Tun 1987 aka tabbatar da ciwon sida a Nijar. Ciwon hanta mai bin jini ya ma fi shi yawa a cikinmu, ya kuma fi shi saurin kamu. Allurar rigakafinsa ba ta shiga cikin allurar jarirai a ƙasar nan ba sai 2008, ke nan yawancin magidantan da ke zaune nan ba su samu ba. Reza ɗaya kai ɗaya, a karya ta gaban mai ita a jefa a rami. Askar gado a wanke a tafasa. Bakin inji a goge gashin a tsoma shi cikin alkol ko ruwan jabel, ba a ɗan fesa masa turare a ce an gama ba. Mai aski ya ƙara dala biyar ko goma a kan kuɗinsa saboda wannan, mu kuma masu kai kada mu yi ƙorafi.

Muna kuma neman taro ya ba mu izini mu tura wakilai wurin sarakunanmu na Tanut da Gangara da Ollelewa da Tarka, Allah ya ja zamaninsu, mu roƙe su kowane ya tara wanzaman ƙasarsa, inda akwai Sarkin Aska a ƙarfafa shi, inda babu su zaɓi babba a cikinsu, a rubuta sunayensu da garuruwansu. Da wannan littafi za a je ofishin kula da sana'o'in hannu a Damagaram a nemi a yi musu rajista a dunƙule. Da shi kuma za a zauna da manjo na kowace likita a yi magana a kan kaciyar yara maza: wa zai yi, da wane kaya, kuma ina za a garzaya in jini ya ƙi tsayawa. Tun da a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, wakilanmu su roƙa a ba mu waɗannan dokoki da Hausa, ko da shafi biyu ne, mu buga a wannan takarda tamu.

Abu ɗaya ne ba mu kawo don a yi muhawara ba, don in mun bar shi mun yi kitso da ƙwarƙwata. Duk wanda aka tabbatar yana sa wa ƴa mace aska a wurin da doka ta hana, ba shi ba asusun ƙungiya, ba za a karɓi shaidarsa a kan ɗan koyo ba, kuma in hukuma ta kama shi ƙungiya ba za ta tara kuɗin belinsa ba.

Ƴan'uwa na Agadas da Arlit da Kano, kowane reshe ya rubuto mana sunayen masu aski da makitsa da ke cikinsa, da irin takardar da kowa ke riƙe da ita, da wadda aka taɓa tambayarsa bai da ita. Na Kano su tuna cewa katin Nijar ba ya aiki a can, sai su bi tsarin ƙaramar hukumar da suke zaune. A ba magatakarda kafin taro mai zuwa. Masu takardun rance kuma su tsaya bayan addu'a, ma'aji yana son ganinsu ɗaya bayan ɗaya.